Kejin Maƙwabci Ya Doso Alayyahona

Sabon maƙwabcinmu, wanda aka ce daga Assakio ya taso, ko sunansa ban sani ba. Dogo ne siriri, kullum cikin singileti da takalmin ruwa. Ina jin tsohon ma'aikaci ne da ya koyi kiwo a waya. Kajin buroila yake kiwo a bayan gida, cikin wani keji mai tayar baro biyu, ƙasansa a buɗe.

Kowace safiya sai ya tofa yawu a tafin hannu, ya waiga dama da hagu, ya ja kejin gaba kaɗan. Waige-waigen nan ne bai kwanta mini ba.

Na ce, "Maƙwabci, kajin naka Makurɗi za su ne?"

Ya ce, "Mama, sabuwar ciyawa suke ci, su bar mini taki."

To, taki! Babu fa katanga tsakaninmu, kuma ɗan lambun alayyahona kejin ya dosa. Jiya saura taku shida, yau biyar. Ni dai na wasa wuƙata. Duk kazar da ta ci alayyahona, tare za su shiga tukunya.