Danshin Gindin Randa

Duk wanda ya san Hashimu na Gidan Ɗinya ya san mutum ne da ƙafarsa ba ta son wuri ɗaya. Ko a tabarmar ɗaurin aure aka zaunar da shi, sai ka ga gwiwarsa tana rawa. Gwaggo Luba, ƙanwar mahaifinsa da ta rene shi bayan rasuwar iyayensa, ta sha faɗa cewa ko haihuwarsa ma da gaggawa aka yi. Ya yi cajin waya a kasuwar Tsanyawa, ya gaji. Ya ja a-daidaita-sahu a Ungogo, ya gaji. Ya tsaya wa wani mai hatsi a Dawanau, kafin kaka ta zagayo ya tattara nasa ya nasa. Kwas ɗin kwamfuta da ya yi a Kano ne kaɗai ya ga ƙarshensa, shi ma don malamin yana kulle ƙofa ne idan an fara darasi.

To, sai ga shi aikin da Allah ya ba shi daga ƙarshe na zama ne da zuba ido. Ka ji ikon Allah.

Wani ƙaramin kamfani ne a Kano ya binne na'urori masu auna danshin ƙasa a gonakin ƙauyukan yankin. Kowace na'ura tana aika abin da ta ji ta layin waya. Sai a tara bayanan, a tace su, a haɗa da labarin ruwan sama, sannan saƙo ya fita zuwa wayoyin manoma cewa a yi shuka ko a dakata. 'Yan ofis suna kiran wannan hanya bututu, Hashimu kuma shi ne mai gadinsa. A wani ɗan shago mai sola a Tsanyawa yake wuni gaban allon kwamfuta, wanda suke kira dashbod. Kowane ƙauye yana da layinsa a jiki, kore idan bayanai na shigowa, ja idan wani wuri ya toshe. Daga ƙasa akwai log, wato abin da injin ke rubutawa game da kansa: na karɓa, na tace, na tura.

Zaman ba ya yi masa daɗi, gaskiya. Yakan tashi ya leƙa titi, ya dawo, ya sayi rake, ya dawo, ya duba allon a waya alhali ga shi nan a gabansa. Amma bai bar aikin ba, kuma akwai dalili. Bara, da ruwan farko ya sauka, saƙon ya ce a dakata. Waɗanda suka ji magana suka tsira da irinsu, waɗanda suka yi gaggawa suka sake shuka. Tun daga nan aka daina tambayarsa ina kuma ya nufa. Dattawan da a da ke girgiza kai idan ya wuce suka koma ce masa Malam Hashimu. Wannan suna ya fi masa albashin daɗi, ko da yake ba zai taɓa faɗa ba.

Bana zafin bazara ya yi tsawo, kowa ya ƙosa. Sai aka yi wani yayyafi da ya kwantar da ƙura, ƙamshin ƙasa ya tashi, mutane suka fito da sungumi suna kallon gabas. Da yammar ranar Hashimu ya je cin tuwo wurin Gwaggo Luba. Ita ba ruwanta da saƙon waya, tana da nata a gida, wato Hashimu. Irin gyaɗarta na cikin tulu, ta liƙe bakinsa tun kaka. Ko lokacin da ciwon ƙafa ya kwantar da ita ba ta yarda an taɓa shi ba, domin shi ne man girkinta da ƙuliƙulinta na shekara.

"Kai ɗan nan," ta ce, "me akwatin naka ya ce? Ƙasar ta sha?"

Ya zaro waya da hannun hagu, loma na dama. Layin Gidan Ɗinya kore shar, danshi har sama. "Ta sha, Gwaggo. Gobe ma saƙon zai fita." Ya wanke hannu ya yi gaba, don dama ba ya gama zama.

Washegari a shago hankalinsa ya ƙi kwanciya. Babu ja ko ɗaya a allon, log ɗin ma tsaf, saƙon shuka na jiran azahar ya tafi Gidan Ɗinya da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Ya tashi, ya zauna, ya sake tashi. Don ya rage wa kansa zaman banza sai ya jera layin garinsu kusa da na maƙwabta. Nasu duk sun ɗan ɗaga da yayyafin jiya, rana na fitowa suka sauka. Na Gidan Ɗinya bai ɗaga ba, bai sauka ba. Ya ja allon baya, ya ƙara ja, har tsakiyar bazara lokacin da ko kaza ba ta taka ƙasa da rana. Danshin yana nan yadda yake. Ashe duk watannin nan launi kawai yake kallo, kore kuwa cewa yake bayani ya iso, ba ya rantsuwa a kan gaskiyarsa.

Ya kira Nana Hafsat, shugabarsu a Kano. "Hajiya, zan riƙe saƙon yankinmu."

"Me ya toshe? Ni komai kore nake gani."

"Ba abin da ya toshe. Ƙasar garinmu ce ba ta bushe ba tun rani."

Ta ce, "Riƙe shi. Je ka gani da idonka."

Ya danna, saƙon ya tsaya. Ya haye babur ya bi ta tsakanin gonakin da ke manne da juna, kowace an share ta tana jira. A gonar da aka binne na'urar ya tarar da turken alamarta tsaye, ba komai a gindinsa sai kashin awaki. Bai tsaya tambaya ba, ya wuce gidan mai unguwa, Baba Muntaka.

Tsohon ya tarbe shi da fara'a. "Kayanku? Suna nan lafiya lau. Ai da aka saki dabbobi bayan girbi na ce ba za a bar amanar baƙi a daji shanu su tattake ba, a ce mutanen Gidan Ɗinya ba su san ajiya ba." Ya ja shi cikin gida yana alfahari. "Kun ce a ƙasa take zama, to a ƙasa na sa ta. Ɗan farantin nata na sola kuma na ɗora kan katanga yana shan rana."

Ga ta nan kuwa, an binne ta da kyau a inuwa, a gindin randar gidan, inda ƙasa ba ta taɓa bushewa ba tun da aka kafa randar.

Hashimu ya rasa ko dariya zai yi ko kuka. Me za ka ce wa mutumin da ya yi maka alheri? Ya yi godiya, ya ce gobe za a mayar da ita gona. Har ya fara jin sanyi a ransa, ya tsare saƙo, irin jama'a ya tsira. Yana ɗora ƙafa kan babur sai tuwon jiya da amsar da ya ba Gwaggo suka faɗo masa a rai.

Bai san yadda ya isa gonarta ba. Daga nesa ya hango ta zaune a gindin gawo, ta miƙe ƙafar nan mai ciwo, sungumi a gefe, ƙwaryar iri a kife. Tun asuba take, ta gama. Ya durƙusa ya tura yatsa cikin ƙasa. Sama-sama akwai ɗan sanyi, wanda zai isa ya ta da ƙwaya. Ƙasa da haka kuwa busasshiya ce ƙamas, wadda za ta kashe ta.

"Lafiya?" in ji Gwaggo Luba. "Ba kai ka ce ta sha ba?"

"Ni na ce, Gwaggo."

Ta dube shi, ta dubi gonar, ta koma matsa ƙafarta. Da ma zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Wayarsa na ta ruri a aljihu, Nana Hafsat ce. Bai ɗauka ba. Ya jawo ƙwaryar, ya je farkon kunya, ya tona ramin farko a hankali don kada ya ɓare bawon. Ƙwaya biyu, ba su kumbura ba tukuna. Ya sa su a ƙwarya, ya ja gwiwa zuwa rami na gaba. Masu wucewa a hanyar Tsanyawa sun ce har rana ta karkata yana nan a durƙushe, kuma ba wanda ya ga ya ɗaga kai ko sau ɗaya.