Yadda Aka Sake Ni Sau Biyu a Kan Allo

A shekararmu ta huɗu a Alƙahira aka sake ni sau biyu, aka mayar da ni sau ɗaya, ina tsaye a kicin ina kaɗa miya. Duk a kan farin allo aka yi, da jan alƙalami.

Ga yadda abin ya faro. Shekara tara da aurenmu, ciki biyar na yi, babu wanda ya wuce wata uku. Likitar da muke gani a Madinat Nasr, wata gajeruwar Bamisiriya mai saurin magana, ta ce ƙwayayen haihuwata lafiyarsu ƙalau, na Malam ma haka, mahaifar ce ba ta riƙo. Malam shi ne mijina, a lokacin yana digiri na uku a fannin fiƙihu. Bayan ɓari na biyar aka turo mini ƙanwata daga gida ta yi jinyata. Bazawara ce, ta baro 'ya'yanta wajen Innarmu. A layin ganin likita ta jiyo wasu mata suna hirar cewa yanzu ana haɗa ƙwan mace da na mijinta a dasa a cikin wata, ta yi goyon cikin, ta haifa, ta miƙa musu abinsu. Muna dawowa gida, ko hijabi ba ta cire ba ta ce:

"Yaya, in dai wurin kwanciya ne matsalar, a sa a cikina mana. Ni da ko gaisawa muka cika yi da uban yaran nan sai ciki."

Na yi dariya, sannan na shiga banɗaki na yi kuka, domin ina so. Ina so ƙwarai da gaske.

Da na gaya wa Malam, sai ya shafa gemu ya ce bai kamata mutum ya yi wa kansa fatawa a kan abin da ransa ke so ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya shigo da abokan karatunsa biyu: wani dogo mutumin Damagaram da ba ya fara magana sai ya ce "bon", wato "to" da Faransanci, da wani Bazazzage wanda ko sallama ka yi masa sai ya gaya maka akwai saɓanin malamai a kanta. Aka jingina allon da Malam ke yin bitar karatu a kansa a jikin talabijin. Aka zana ni da'ira, aka zana ƙanwata da'ira, Malam ya zana kansa murabba'i. Mu kuma masu mahaifar muna kicin, labule ne kawai tsakaninmu da su, muna tuƙa tuwon shinkafa da miyar mulukiyya, wadda mu lalo muka san ta.

Bazazzage ya ce mafi yawan malamai sun hana, amma ya taɓa karanta cewa an yi maganar sassauci idan mai ɗaukar cikin ita ma matar mutumin ce. Mutumin Damagaram ya ce bon, sai Malam ya auri ƙanwar. Aka ja layi daga murabba'i zuwa da'irarta. Sai Malam ya yi gyaran murya ya tuna musu cewa ba a haɗa ya da ƙanwa a aure ɗaya. Na ji ƙarar alƙalami a kan allo, na leƙa ta gefen labule, na ga an soke layina. Sakina na farko ke nan, ludayi na hannuna.

Ba a je ko'ina ba aka gano cewa in an sake ni na zama bare, ƙwan bare kuwa ba ya halatta ga Malam. Aka mayar da ni. Daga nan tuwo ya fita, aka ɗage zama.

Juma'a ta biyu suka zo da littattafai cike da leda. Aka kawo dabarar a ɗebi ƙwan tun ina matar aure, a ajiye shi a firijin asibiti, sannan a sake ni, ya jira in gama idda, ya auri ƙanwata, in ta haihu ya sake ta ya dawo da ni. Aka sake soke ni. Aka kwashe awa guda ana gardamar ko shi ma ƙwan iddar yake yi a cikin firijin. Daga baya aka koma kan wace ce uwa, aka tsaya a kan wadda ta haifa. Wato bayan saki biyu da ɗaurin aure biyu, abin da zan tashi da shi shi ne in zama yayar uwar yaron kuma matar ubansa, sai fa in na sha maganin kawo nono na shayar da shi sau biyar, a samu mai ƙirgawa. Ni dai na fara zargin dambun da na yi ranar ne ke tsawaita mas'alar, domin su biyun gwauraye ne, wake da burodi suke ci safe da yamma.

A Juma'a ta uku ƙanwata ta gaji. Da ma akwai wasa tsakaninta da mijin yayarta. Ta ɗaga murya daga bayan labule ta ce:

"Malam, wai wa ya ce maka zan aure ka? Ko a allo ban yarda ba."

Can mutumin Damagaram ya ce bon, gaskiya wannan sharaɗi ne da aka manta, ya tashi ya rubuta "yardar amarya" a can ƙasan allo, inda ɗan wuri ya rage.

Ranar Lahadi muka tafi wajen likita mu biyu, ba mu gaya wa kowa ba. Na kwashe bayani da gurgun Larabcina. Ko kai ba ta ɗago daga takarda ba ta ce mamnu'u, wato an hana, ba a yi a ƙasar. Abin da malamai uku suka ci tuwon mako uku a kansa ke nan. Da ta ga fuskata sai ta ajiye biro ta ce ma'alish, wato in yi haƙuri, akwai ƙasashen da ake yi, amma ba daga bakinta zan ji sunansu ba.

A ƙaramar bas ɗin da muka hau zuwa gida ƙanwata sai zuba take: fasfonta bai ƙare ba, Inna za ta riƙe yara, suruttun dangi kuma ita ta san maganinsu. Muna matse a kujerar baya, gwiwata na jikin tata. Sai na yi mata tambayar da babu wanda ya rubuta a allo. Na ce in ta yi wata tara yana motsi a cikinta, ta yi naƙuda, yaya za ta yi ta miƙo mini shi.

"Ai na iya, Yaya," ta ce. "Ɗan farina ma har yau ban taɓa kiran sunansa ba. Aka ɗauke shi aka kai wa kakarsa, kin ga ko gezau na yi?"

Gaskiya ne, ba ta yi ba. Ranar da aka yaye shi aka tafi da shi, ta fi kowa dariya a tsakar gida, mata suna yaba kunyarta. Abin da ba ta sani ba shi ne, da la'asar na zagaya bayan ɗaki neman tsintsiya na same ta a tsugune, ta cusa fuskarta a cikin 'yar rigarsa, kafaɗunta na rawa. Na koma da baya a hankali, ban taɓa gaya mata ba.

Na ce a bar maganar, khalas, shi ke nan, ba na so. Ta ce ita ta ce mini za ta yi kuka? Na ce ba ta ce ba. Ta yi tsaki ta juya kai wajen taga. Ina kallon fuskarta a jikin gilashin, na ga ta lumshe ido ta sauke wani dogon numfashi, kafaɗunta suka saki. Sauƙi ne ta ji. Na ji haushinta, wallahi na ji, har muka wuce inda za mu sauka ban ce wa direba ya tsaya ba.

Shekarata goma sha huɗu ke nan da aure, ba ni da ɗa. Ita ta sake aure ta haifi biyu, kuma ba ta ƙara tayar da maganar ba.