Mai Wayoyi Uku a Hukumar Layuka

"Ranka ya daɗe, ka sa hannu a rage kuɗin kira mana! Ko sai manya sun haɗiye ƙananan kamfanoni kaf?"

"Ana dubawa."

"Tun bara ake dubawa!"

Ta bangon katako wata mai ɗinki ke jiyo wannan cacar baki, tana zaune a bencin masu ƙorafi na hukumar kula da layukan waya. Layi ɗaya tal ke kamawa a unguwarsu, tsadarsa kuwa ta sa masu kawo mata ɗinki sun daina kira.

Sai ga mai "ana dubawa" ya fito. Gajere ne mai tumbi, turarensa na riga shi isowa. Wayoyi uku ne a hannunsa, sababbi fil, kowacce da tambarin kamfani daban, yana shafa su bi da bi kamar uban da ke gudun a ce ya nuna bambanci. Anya mutumin nan ya taɓa sayen kati da kansa? Ƙila ba mugunta ba ce, in ji zuciyarta, kunyar masu yi masa kyauta ce ta ɗaure masa hannu.

Yana ɗaga wayoyin sama, yana leƙa taga, yana tsaki. Ta miƙe za ta kai kukanta, sai ya riga ta daga bakin ƙofa:

"Baiwar Allah, taki tana kamawa? Ara min in kira gida, ba zan cinye miki kati ba."