Zanen Goyon Jikana a Bayan Maƙwabciya

Ƙodar da ke jikina ta 'yata ce, autata. Nawa biyun hawan jini ya cinye su a ɓoye, na yi ta zaryar wankin ƙoda daga gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi zuwa asibiti har jijiyoyin hannuna suka gaji da allura. Da aka gwada 'ya'yana, ita kaɗai ce ta dace da ni. Na ce ban yarda ba, na yi rantsuwa, na yi faɗa. Yarinya ko aure ba ta yi ba, a farke ta saboda tsohuwa? Ta bar ni na gama bambamina, sannan ta ce, "Umma, kin gama? To ki shirya." Taurin kan nan a nono ta sha, don haka ba ni da bakin magana.

Aka yi aiki, Allah ya ba da sa'a. Amma yaron da ke neman aurenta a lokacin, danginsa suka ce ba za su kai mai ƙoda ɗaya ɗakin ɗansu ba. Ba ta yi kuka a gabana ba, ni na yi mata kukan. Tun daga ranar na ɗauki abin nan da ke gefen marata a matsayin amana, kuma na ƙudurta ko me zai lalace a jikina, ban da shi.

Wanda aka yi wa dashe, magani yake sha har ƙarshen ransa don kada jiki ya kori baƙuwar ƙoda. A cikin nawa akwai wata 'yar ƙwaya fara da ta kumbura min fuska, ashe kuma ita ce ke cin ƙashina kamar gara a azara. Ban sani ba sai ranar da na zame a bakin famfo, zamewar da ko yaro ba zai yi wa kuka ba, wuyan hannuna ya karye. Mutanen layi suka ce a kira mai ɗori. Na ce Allah ya kiyaye, mai ɗori ba ya rasa jiƙon da zai ɗura maka, ni kuwa an gargaɗe ni ko ganyen sabara kada na jiƙa.

A asibiti aka ɗauki hoton ƙashin. Likitata, wata matashiya mai haƙurin zama da irina, ta ce, "Hajiya, ƙashinki ya zaizaye sosai. Za mu iya rage farar ƙwayar nan ya huta, sai dai jiki zai iya juya wa ƙodar baya."

Ban bari ta rufe baki ba. Na ce, "Likita, kada ki sake faɗa min wannan."

Ta ambaci wani magani da ake haɗiya mako-mako, sai ta tuna da gyambon cikina ta ce ba zai yi ba. Saura wata allura, duk wata shida, wadda ba ruwanta da ƙoda. Ta ce amma tana da sharaɗi mai nauyi. Idan an fara ba a fashi, domin in lokacinta ya wuce, ƙashi zai zube fiye da da, musamman na gadon baya. Na ce in dai ba ta taɓa ƙoda, ko a ido ake yin ta a yi min.

Na samu sauƙi kuwa. A tsakanin nan Allah ya kawo wa autata miji, wani malamin makaranta a Daurawa wanda bai tsaya ƙirga mata ƙoda ba. Da ciki ya fito, na hau adaidaita da kaina na tafi kasuwar Tarauni, na zaɓo zanen goyo mai kauri da majanyinsa. Haihuwar fari ce, gida za ta dawo wanka, jariri kuma bayan kaka ne wurinsa. Ni da na goyi nawa duka, na goyi na dangi, har 'ya'yan maƙwabta sun yi barci a bayan nan! Na wanke zanen, na turara shi, na ninke a ƙasan akwati ina jira.

Sai allurar ta ɓace. Babban ɗana ya karaɗe kyamis-kyamis na Kano, kowa ya ce ta yanke, a jira ta iso daga Legas. Da ƙyar aka samo guda, amma aba ce da ba ta son zafi, ta iso da ɗumi, likita ta taɓa kwalin ta girgiza kai. Lokacin allurar ya zo ya wuce, wani watan ya bi bayansa. Ni kuwa hankalina ba ya kan ƙashi, domin gab da haihuwa jinin yarinyar ya hau, ƙafafunta suka kumbura, aka yi mata aiki aka ciro ɗa namiji. A bakin ɗakin tiyatar nan na taɓa tambayar wani likita ko ana iya cire ƙoda a mayar wa mai ita. Ya dube ni da tausayi ya ce ba a yi.

Suka dawo gida, aka yi suna, cibiya ta warke. Wata safiya uwar tana barcin gajiya, yaron ya dame mu da tsala ihu. Na ce yau dai ranar ta zo. Na ɗauko zanen na warware, na kwantar da shi a bakin gado, na juya na sunkuya yadda na yi sau babu adadi. Ko taɓa shi ban yi ba. Na ji ƙas a tsakiyar bayana, numfashina ya ɗauke, na zube a kan gwiwa. Innalillahi kawai nake iya faɗa. Da murya ta dawo, maƙwabciyata na ƙwala wa kira ta kan katanga, wata malamar firamare mai ritaya 'yar Kudancin Kaduna da muka fi shekara ashirin muna musayar gishiri da wuta. Malama ta shigo a guje, ta tarar da ni a durƙushe, yaro yana neman shiɗewa. Ta tsinci zanen a ƙasa ta saɓa yaron a baya, ya yi tsit.

Ba zan manta tafiyar asibitin nan ba, kowane rami a titi sai na ji shi a ƙwaƙwalwata. Hoto ya nuna ƙasusuwan baya biyu sun lotsa. Likita ta ce akwai wani magani da ake sawa a ƙarin ruwa, zai riƙe sauran kafin allurar ta samu, amma ta ƙoda yake bi, tawa kuwa ƙarfinta ya ɗan ja baya. Ta ce haɗarin ba mai yawa ba ne, sai dai ba za ta ce babu ba.

Autata tana tsaye, dafe da ɗinkinta. Ta ce, "Umma, don Allah ki yarda."

Na ce ba zan yarda ba.

"Na ba ki ne don ki rayu, Umma, ba don ki zauna kina gadinta ba!"

"Ke rufe min baki! An farke ki saboda ni, an fasa aurenki saboda ni, kin kusa mutuwa wurin haihuwa da ƙoda guda ɗaya. In na kashe wannan da hannuna, da wane ido zan dube ki?"

Ta fita tana kuka. Ranar ce ta farko da na ga hawayenta a kan maganar nan, kuma har yau ban san ko ni ce mai gaskiya ba.

Allurar ta dawo gari daga baya, ana yi min a kan kari, amma kafin nan wani ƙashin ya sake lotsawa, wanda ya lotsa kuwa ba ya tashi. Na rage tsawo, zannuwana suna jan ƙasa. A kan kujera nake salla, goshina ya manta da tabarma. An hana ni ɗaukar ko buta cike da ruwa. Ƙodar tana nan lafiya, duk gwajin da aka yi tun daga nan sai likita ta ce madalla.

Uwar ta koma aiki, kullum da safe takan ajiye min yaron. Da ya fara tafiya, in barci ya kama shi sai ya jawo zanen nan ya jefa min a cinya, ya zagaya bayana ya kwantar da kumatunsa yana bubbuga ni. Ni kuwa sai in ƙwala wa Malama kira ta zo ta goya shi. Yakan yi kuka yana miƙo min hannu, in kawar da kai, wallahi kamar a zare min rai.

Makon jiya ina zaune a tsakar gida ya fito yana jan zanen, yana murza ido. Na gyara zama, na buɗe baki zan kira Malama. Ya wuce ta gabana, ko kallona bai yi ba, ya nufi ƙofa.