Kitse a Sakatar Bindiga

Ku matso, jikoki, ku aje wayoyin ga ku ara mini kunne. Wagga ba ta gizo ba ce. A gidanmu anka yi ta, da idona na gani.

Jiya na ji ƙofarku ta cije, uwarku tana jan sakata tana tsaki. Ƙarar nan ta ɗauke ni daga nan unguwar Minanata ta kai ni gidan ubana a Gawon Nama, tun unguwar ba ta cika ba, tun kukan shanu ke tada mu da safe.

Gidan mahauta ne. Baba ke fataucin shanu. Ƙanensa, wanda muke ce ma Baffa, shi ke kama su yana kayarwa. Kaka kuwa, mahaifinsu, ya tsufa ya aje fawa, kunne ya yi nauyi. Aiki ɗaya ya rage masa: ya wasa wuƙaƙe, ya shafa masu kitse don kar su yi tsatsa. Duk ƙarfen gidan nan ya sha kitsen Kaka, har kwaɗon ƙofa.

Sai Baba ya sawo bindiga wurin wani tsohon soja, saboda ɓarayin hanya. Mai sakata ce: ka ɗaga ƙarfen gefe, ka ja baya, ka tura gaba, harsashi ya hau. Sojan ya ce man da ake sa mata daban ne, kuma ɗigo kaɗan take so. Kaka bai ji ba. Bayan damina, Baba yana tafiya, Kaka ya ga ja-ja a jikinta. Ya narka kitsen saniya ya ɗura mata har ciki, ya maida ta inda take. Bai gaya ma kowa ba, don mai yi ma ɗansa alheri ba ya shela.

Ɗari ya shigo. Wata safiya, sanyi har cikin haƙori, wani bijimi mai dogon ƙaho ya tsinke igiya. Ya ritsa Baffa a kusurwar katanga, ba gaba ba baya.

"Yaya! Bindiga! Yaya!"

Baba ya fito da ita a guje. Ya kama sakata, ta ƙi ɗagawa. Ya doke ta da tafin hannu, ta ɗaga rabi ta cije. Ya kafa gindinta a ƙasa ya taka da ƙafa. Ko gezau. Kitse ya daskare a ciki kamar dutse. Baffa yana kira, yana kira, har ya bar kira. Maƙwabta sunka zo da igiyoyi sunka kada bijimin, amma ya riga ya tattake ƙugun Baffa. Kan ƙyaure anka fita da shi.

Baba bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga. Ya sa Inna, uwata, ta tafasa ruwa. A tsakar gida, gaban maƙwabta, ya kwarara ma bindigar, sakata ta saki sumul. Ya zare ta, ya sa wuƙa yana kankare farin kitse yana zubawa a kwanon cin abincin Kaka.

"Wa ya yi wanga aiki?"

Kaka ya ce, "Ni na. Tsatsa na gani, ɗana."

"Tsatsa ka gani. To, ga namanka." Ya aje kwanon gabansa, ya dubi Inna. "Daga yau ba tsoka ba romo a tuwonsa. Wadda ta ba shi ta haɗa kayanta."

Wani dattijo ya ce, "Haba, Alhaji, ubanka na fa."

Baba ya ce, "Wancan da anka ɗauka kan ƙyaure, ɗansa na."

Haka kuwa anka yi. Mutumin da ya ciyar da unguwa nama tun yana saurayi ya koma cin tuwo da lami. Ran Sallar layya hayaƙin suya ya cika gida, shi yana bakin ɗakinsa yana jan carbi. Da Baffa ya fara jan gindi, ya ɓoye tsoka a aljihu ya kai ma Kaka.

"Baba, ci. Ƙaddara ta, ni na yafe."

Kaka ya shinshina, ya maida masa. "Haƙora sun ƙare." Wallahi da haƙoransa.

Yanzu ƙarafa sun yi yawa, kowane da mansa a gwangwani. Zukata ne ban ga sun sake ba.

Baffa bai ƙara miƙewa ba. Matarsa ta tafi, ya koma Dundaye wurin dangin uwa yana tufkar igiya har ya rasu. Inna ta mutu ba ta taɓa tada zancen ba. Bindigar kuwa hukuma ta karɓe ta, ko ɓera ba ta kashe ba. Baba ya yi arziki, ya yi tsawon rai, ran jana'izarsa kowa yana cewa mutumin kirki.

Kaka kuwa, da ajali ya matso, ya aika a kira masa ɗansa su yafi juna. Baba yana kasuwar shanu, ya ce a gaya masa yana ciniki. Kafin ya dawo an rufe ma tsoho ido. Ran sadakar uku Baba ya yanka bijimi, unguwa ta ci nama har ta bari.