Mai Ɗanɗana Gishirin Dije

Bana shekara ashirin ke nan da rasuwar ƙanena Malam Sani, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Ya tafi muna cikin jihar Sakkwato, saura ƙiris a yanke mana tamu. Duk shekara in lokacin ya zagayo, abokansa malaman makaranta kan tuna haƙurinsa da iya koyar da lissafi. Ni yayarsa Kulu ba wannan nake tunawa ba. Da an ambaci sunansa, abin da ke fara faɗo mini shi ne tafin hannunsa a buɗe, an ɗiga masa miya yana lasa. Kuma bari in faɗa tun da wuri, kada mai karatu ya wahala: ina kishin matarsa Dije. Na yi yana raye, ina yi yanzu, ban kuma sa ranar bari ba.

Wani zai ce ina ruwan yaya da kishin matar ƙane? To, ku bari in kai ku inda abin ya faro.

Innarmu ta rasu ina 'yar budurwa, Sani ko makaranta bai shiga ba. Tukunyar gidanmu na Yelwan Yauri ta dawo hannuna, ga Baba mutum ne mai faɗa a kan gishiri. Da azumi ya kama sai na shiga uku, don bakina a rufe yake, ba halin ɗanɗana miya. A gidan kaf Sani kaɗai ne ba ya azumi. Sai in kira shi bakin murhu, in ɗebo da ludayi, in hura, in ɗiga masa a tafi. Ya lasa, ya ɗaga kai sama kamar wani alƙali, ya ce, "Saura kaɗan, Yaya." In ƙara. Ya sake lasa ya ce, "Ya ji." Kafin salla yaron nan ya san bambancin miyar da ta rasa gishiri da wadda daddawa ce ta yi mata kaɗan. Ni na gyara harshen nan. Ni na goya shi, ni na yi masa wanka, kuma har ya tafi makarantar horon malamai babu abincin da ya sani sai nawa.

Da ya gama aka tura shi koyarwa wani ƙauye a bakin ruwa, can wajen Ngaski. A can ya ga Dije, ɗiyar masunta, baƙa siririya mai yawan dariya. Ban ƙi auren ba, ni ma na haɗa lefen. A raina na ce yarinyar da ta tashi tsakanin komar kamun kifi da kwalekwale, ina ta iya tuƙin tuwon dawa? Na tabbata kwanona ba zai rasa mai jiransa ba.

Ranar da na fara kai musu ziyara bayan an maido shi Yelwa, na yi sallama ba a amsa ba, sai dariya nake ji daga madafa. Na leƙa. Ga ƙanena, malamin makaranta guda, ya naɗe hannun riga, ya tsuguna yana kankare kifin ƙarfasa da wuƙa, Dije na gefe tana daka tattasai.

Na ce, "Innalillahi! Sani, mi nike gani haka?"

Ya ce, "Yaya, sannu da zuwa. Zauna, yau za ki sha romo."

Ko kunya babu! Na zauna ina kallon ikon Allah. Da miya ta nuna sai Dije ta ɗebo da ludayi, ta hura, ya miƙa tafinsa ta ɗiga masa. Ya lasa, ya ɗaga kai sama, ya ɗebi gishiri da yatsu uku ya barbaɗa. Wallahi a lokacin ji na yi kamar an shiga ɗakina an ɗauke mini kaya ina kallo.

Ashe haka tsarin gidan yake. Dije ba ta sa gishiri. Ita ke gyara kayan miya, ita ke kula da wuta, in komai ya haɗu sai ta ɗaga murya ta ce, "Malam, ta nuna," ya ajiye littattafan yara da yake dubawa ya taho. Ran Asabar da safe shi ke zuwa bakin ruwa in jirage sun iso, ya buɗa kumatun kifi ya duba ja ne ko ya fara dusashewa, ya dawo da tarwaɗa ko giwan ruwa in wata ya yi kyau, in watan ya yi nisa kuma ya dawo da warangi, 'yan ƙananan kifin nan, su soya su zuba a kan shinkafa. Gardamarsu ba ta wuce yakuwa ko tsamiya za a sa. Abin da ya fi ba mutane mamaki, kwano ɗaya suke ci. Su shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfa, ya cire mata ƙaya, ta tura masa wajen da mai ya taru. Unguwa ta yi ta surutu, wasu su ce an shanye shi, wasu su ce ruwan Ngaski ya sha. Ni ma na yi masa faɗa, na ce yana zubar mana da mutunci. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni ko har yanzu a wajen tsohuwar nan ta bayan kasuwa nake sayen daddawa.

To ni kuma fa? Mijina Alhaji, dillalin albasa, Allah ya jiƙansa shi ma, mutumin kirki ne. Ban taɓa neman hatsi ko nama na rasa ba. Amma a zaure yake ci da abokansa. Kwano ya fita cike, ya dawo wayam, shi ke nan. Akwai ranar da na manta daddawa ɗungurungum, na wuni gabana na faɗuwa, ko a jikinsa. Na yi masa girki har na fara furfura, bai taɓa sanin hannuna ne ko na 'yar aiki ba. In na je gidan Sani na ga ana gardama a kan tsamiya, sai in dawo gida raina a jagule, in rasa wa zan huce a kansa.

Duk Juma'a nakan aika masa da tuwon dawa da miyar kuka irin ta Inna, da man shanu. Kwanon ba ya dawowa haka nan, Dije kan cika shi da farfesun kifi. In rufe ƙofa in cinye tas, ina ci ina jin haushin daɗinsa. Buri ɗaya nake da shi, kuma ba babba ba ne: rana ɗaya ƙanena ya ture nata ya ci nawa, ya ce, Yaya, babu kamar naki.

Sai ciwo ya zo. Ƙafafunsa suka fara kumbura, kai na sara masa, likita ya ce hawan jini ne har ya taɓa ƙoda, ya hana shi gishiri kwata-kwata. Mutumin da gishiri ne aikinsa a gida! A ko'ina in an hana maigida gishiri, 'yar tukunya ake ɗora masa daban. Dije ta ce ita ba ta san wannan ba. Yaransu ta zuba musu nasu su barbaɗa gishirinsu, ita da shi kuwa kwano ɗaya, lami. Shi yana ramewa don ciwo, ita tana ramewa don ba ta iya cin na kirki.

Da na ga wuyan rigarsa ya yi masa yawa, na kasa haƙuri. Na samo sabuwar kuka, na kaɗa miyar Inna, na sa gishiri ɗan kaɗan, iya abin da zai tashi miya, na ɗauka da kaina da rana tsaka. Ban ɓoye ba, a gaban Dije na buɗe. Na ce, "Loma biyu ba ta kashe mutum. Ka ci ka ji ƙarfi." Dije ta sunkuyar da kai.

Ya jawo kwanon ya shaƙi ƙamshin, idonsa ya kawo ruwa. Ya miƙo tafinsa, na ɗiga masa. Ya lasa, ya ɗaga kai sama.

"Ya ji, Yaya. Daidai."

Na ce, "To bismilla."

Sai ya mayar da murfin a hankali. Ya ce, "In na ci wanga, Dije za ta ci lami ita kaɗai. A ba yara." Ya juya ya sa hannu a nasu kwanon, wata miyar kuɓewa fara fat, suka ci gaba da ci. Na tashi na yi musu sallama. Ban yi kuka ba sai da na kai bakin titi.

Bai ga damina ta gaba ba. Bayan Dije ta fita takaba kowa ya ɗauka za ta koma cin abinci irin na mutane. Ina! Ta ce hannunta bai san awo ba, harshenta kuma ya saba. Manema suka zo, ta ce su yi haƙuri. Har yau ɗin nan tukunyarta ba ta ganin gishiri, ɗiyanta da jikoki kowa ya san in ya je sai ya nemi nasa a gefe.

Wani lokaci nakan zauna in ce da Sani zai leƙo yau, me zai ce? Kifin da yake ɗagowa da hannu biyu yanzu sai mai hali, har a Yauri ana cin na ƙanƙara, mu da ke kwana da ruwa. Turmi ya koma bayan ɗaki, injin markaɗe ya karɓe aikinsa. 'Yan mata su watsa dunƙulen kanti huɗu a miya ba su ko ɗanɗana ba, daddawa kuwa wai wari take musu. Wannan zai ɓata masa rai. Amma kwanaki na ga wani jikana ya ɗaura zane a kugu yana soya wa amaryarsa ƙwai, har ana ɗaukarsa hoto a waya, babu wanda ya ce an shanye shi. Na san da Sani ya gani sai ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, Yaya, kin ga abin da kika yi ta yi mini faɗa a kai?

Bara ciwon nan ya iso kaina, ashe na gida ne. Likita ya hana ni gishiri. Matar ɗana, Allah ya yi mata albarka, kullum tana ɗora mini 'yar tukunyata daban, a kawo mini ɗaki, su kuma ina jiyo su a tsakar gida suna santi. Ba wanda ya yi mini laifi, haka ake yi ko'ina. Sai dai in na buɗe kwanon in tsakura in rufe, har zanena ya fara zamewa.

Labari ya kai wa Dije. Rannan da azahar sai ga ta, ta tsufa ita ma, tana dogara sanda, da kwano ƙunshe a ɗankwali. Ta gaishe ni, ta jawo ruwa ta wanke hannu, ta zauna a tabarmata.

"Yaya, matso. Lami ba ya ciwuwa mutum ɗaya."

Tuwon shinkafa ne da miyar busasshen kifi. Babu gishiri ko ƙwaya, amma ta gasa daddawa kafin ta daka, ta soya albasa har ta yi ja, ga citta, ga 'yar tsamiya da ke tashin harshe. Na kai loma, na sake kaiwa. Kai, jama'a! Ko laminta ya fi nawa daɗi. Tana cire ƙaya tana turo mini tsoka, ni kuwa ina ci ina harararta.

Na ce, "Wa ya koya miki gasa daddawa haka?"

Ta ce, "Malam."

"Shi kuma a ina ya samo?"

Ta dube ni da mamaki. "Wajenki mana. Ai ba a sauke tukunya a gidanmu bai ambace ki ba. Ya ce duk abin da harshensa ya sani Yaya ce ta ɗiga masa a tafi. Ya ce kaf Yauri babu mai hannunki, ni ma in yi ta ƙoƙari ko na kamo ƙafarki."

Na ajiye lomar da ke hannuna. Maganar da na yi rabin rayuwata ina jira ke nan. Ashe ya faɗa, ya kuma maimaita, shekara da shekaru, amma a madafarta, a kunnenta. Ni ko sau ɗaya bai faɗa mini ba. Har yabon nawa ma ita ya ba ajiya.

Ƙanena bai bar gidan sama ba, bai bar gona ba. Ya bar tsofaffi biyu da kwano ɗaya, don tun daga ranar Dije ba ta fasa zuwa da azahar ba, ni kuma zanena ya daina zamewa. Masu karatu, ku sa Malam Sani a addu'a, Allah ya haskaka kabarinsa. In Allah ya haɗa mu a inda muke fata, na san zan tarar ya keɓe wa Dije wuri a gefensa. Ban hana ba. Amma kafin in zauna sai ya dube ni ya faɗa mini da bakinsa.