Koriyar Motar da ta Ɓata Mini Suna

Wata ranar Alhamis ce, ranar kasuwar Maigatari, makon da aka koma makaranta bayan dogon hutu, shekarar da na shiga aji biyu a ƙaramar sakandare. Gero ya fara nuna a gonaki, gari ya cika da kukan shanu da hon ɗin manyan motoci, ni kuwa bayan la'asar ina zaune a kan benci a shagon gem, wato wasan talabijin, na Yaya Sabo da ke bayan kara, kasuwar shanu, gumi yana bin gadon bayana. Shagon na langa-langa ne, ƙaramin janareta yana ta tari a bakin ƙofa, yara sun cika shi maƙil har wasu suna leƙe ta taga. A hannuna akwai fad, abin latsawar da ake tuƙa motar cikin talabijin da shi, a gefena kuma Isiya ne, wanda duk unguwarmu ba a taɓa cin sa a tseren mota ba. Da aka zo zaɓen mota na wuce ja, na wuce baƙa, na tsaya a kan wata 'yar koriya mai kama da kwaɗo, wadda ko 'yan koyo ba sa ɗauka. Shago ya ɗauki dariya. Na juya na ce musu, "Wallahi tallahi babu motar da ta kai ta gudu. Da idona na gani, da hannuna na tuƙa." Rantsuwar nan ta bi ni shekara ashirin da ɗoriya, kuma har yau in na tuna ta sai in ji gajiya ta sauko mini a kafaɗa.

Mahaifina, Malam Haruna, dillalin shanu ne a kara, amma ko ɗan maraƙi ba shi da shi nasa na kansa, sai 'yan tumakin da muke kiwo a gida. A lokacin waya ba ta shiga hannun kowa ba, saboda haka ƙafata ce wayarsa. Tun ina firamare, in na gama ɗebo ruwa a famfo na zuba wa tumaki harawa, sai ya kira ni ya ba ni saƙon baki: in je in ce wa wane bajimin nan ya sayu kada ya saki wa kowa, ko in ce wa fataken da suka sauka a gidan wane su jira shi kada su ɗora kaya. Ina tafe ina maimaita saƙon a raina kamar hadda, don kada kalma ɗaya ta zube a hanya. Yakan ce mana, "Mu ba mu da garke, ba mu da mota. Bakinmu shi ne jarinmu." Manyan mutane masu babbar riga sukan tsayar da ciniki a kan maganar da ta fito daga bakina, ni ɗan ƙanƙani da silifa ɗaure da waya, kuma babu abin da nake taƙama da shi a duniya kamar wannan. Sa'o'ina suna can suna langa da gare taya, ni ina ratsa tsakanin ƙahonin shanu ina jin kaina wani babba.

A dogon hutun shekarar ne aka tura ni Damagaram wurin Goggo Hajara, ƙanwar Baba, wadda take auren wani direban babbar mota, ko kamiyo kamar yadda suke cewa a can. Ɗanta Lawali taubashina ne kuma sa'ana, kullum cikin tsiya muke. Wani ɗan uwan babansa ya kawo masa na'urar gem har gida, da faifan tseren motar nan da na saba gani a shagon Yaya Sabo, hoton bango ɗaya, hanyoyi ɗaya, sai dai rubutun cikinsa da Faransanci ne. A gida ina iya yin mako ban taɓa fad ba, don layi ake yi kuma wanda ya ci shi ke ci gaba da riƙewa, amma a can daga mun share tsakar gida mun kai niƙa sai mu baje a gaban tele, wato talabijin, har Goggo ta gaji ta zare wayar wuta. Lawali ne ya ce mini, "Kai ɗan Najeriya, bar waɗannan manyan, ɗauki koriya. Ita ce ke riƙe kwana." Gaskiyarsa kuwa. Tana fita daga kwana kamar an harbo ta. Kafin hutu ya ƙare na haddace kowane lungu, na san daidai allon da zan taka birki in na hango shi, na san inda zan saki. Na dawo gida a bayan motar albasa ina ta lissafin yadda zan kunyata Isiya.

Tun daga kiɗan farawa na ji wani abu ba daidai ba. Kiɗan da na saba ji a Damagaram yana tafiya a tsanake, na shagon Yaya Sabo kuwa kamar ana korar sa. Aka saki motoci, komai ya riƙa zuwa mini da gaggawa. Allon da nake jira in taka birki ya wuce kafin yatsana ya motsa, kwanar gada ta zo tun ban shirya ba, na daki bango. Ita kuwa koriyar da na rantse a kanta, ta yi nauyi kamar kurar ruwa a cikin yashi, ina latsawa har yatsa ya yi zafi amma ta ƙi gaba. Isiya ya zagayo ya sake wuce ni yana tuƙi da hannu ɗaya. Da aka gama na ce faifan ne ba iri ɗaya ba, na ce har kiɗan ma ya bambanta, kuma wannan magana ta biyu ita ta ƙarasa ni. Yaya Sabo ya ɗauko bangon faifan ya ɗaga sama kowa ya gani, ya ce, "Yaro, faifai ɗaya ne a duniya. Daga Kano na sayo shi a ledarsa. Ko a Nijar ɗin aljanu ne ke tura motar?" Wani yaro har da faɗuwa daga kan benci don dariya.

Kafin mako ya zagayo sunana na Habu ya ɓace, na koma Koriya. Wannan da sauƙi, suna ai kowa yana da nasa. Abin da ya fi ciwo shi ne duk wata ƙarya da aka yi a unguwa sai ta zama "labarin Koriya". Yaro ya ce ya ga maciji a bayan aji, labarin Koriya. Wani ya ce yayansa ya hau jirgi, labarin Koriya. A filin ƙwallo in na ce ƙwallo ta fita, ko kowa ya ga ta fita, sai a yi shewa a ci gaba da wasa. Ranar yankan gero a gonar makwabta, muna ɗaure dammuna, na ce hadari na haɗowa daga gabas, wani ƙato da ban taɓa gani a shagon gem ba ya ce, "A bar shi, ɗan Damagaram ne." Ruwan ya zo ya jiƙa mu sharkaf, amma ba wanda ya waiwayo ya ce ashe gaskiya na faɗa.

Daga nan maganar ta tsallaka kara. Wata Alhamis Baba ya aike ni wurin wani mai saye in ce masa mai saniyar ya sallama. Na isar da saƙon daidai, sai yaron mutumin, wanda muke aji ɗaya, ya yi wa ubansa raɗa. Mutumin ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce zai jira ya ji daga bakin Malam Haruna da kansa. Kafin Baba ya iso, mai saniyar ya gaji da jira ya sayar wa wani. Da yamma a zaure Baba ya tambaye ni mene ne labarin Koriya. Na kwashe komai na faɗa masa, da Lawali, da kwana, da kiɗa, shi kuwa yana ta jan carbi, mutumin da ko labarai ba ya kallo a talabijin balle motar wasa. Bai yi mini faɗa ba, bai ɗaga hannu ba. Alhamis ta gaba dai na ji yana ƙwala wa ƙanena Sadiku kira, na ga Sadiku ya fita da gudu leɓɓansa suna motsi yana maimaita saƙo. Ni aka bar ni da tumaki da kurar ruwa. Na shiga bayan rumbu na yi kuka mai isata, kuma tun daga ranar Baba bai sake ba ni saƙon baki ba.

Na yi ƙoƙarin wanke kaina. Na roƙi mijin Goggo, da ya biyo ta Maigatari da kaya, ya karɓo mini faifan Lawali aro. Bayan sallar layya faifan ya iso a naɗe cikin tsohon ɗankwali, na tara yaran unguwa kaf muka nufi shago. Yaya Sabo ya goge shi da gefen riga ya saka. Hoto ya fito baƙi da fari, yana ta mirginawa sama ba tsayawa, ba ka gane mota ba ka gane hanya. Ya daki talabijin ta gefe, ya cire faifan ya hura ya mayar, duk a banza. Isiya ya ce, "Kun gani ko? Faifan ma kunya yake ji." Na naɗe abina a ɗankwali na fito, ban ƙara taka shagon ba. A lokacin ban san cewa mirginawar nan ita ce shaidata ba, ita ce ke nuna faifan ba na irin talabijin ɗinmu ba ne.

Shekaru suka tafi. Na yi babbar sakandare a Gumel, na yi kwalejin ilimi, yanzu ina koyarwa a wata firamare a Gagarawa. Abin ya bar mini wani hali mai gajiyarwa: ba na iya faɗar magana sai na jero shaidu, ko da cewa zan yi na haɗu da wane a hanya. Matata takan ce, "Malam, na yarda, ba kotu muke ba." A bara ne ina duba waya a makaranta lokacin hutun tara, na ci karo da wani bidiyo da aka raba gida biyu, ga tseren nan namu a hagu, ga shi a dama. Mai bayanin ya ce masu wasan sun fitar da faifai daban-daban, na ƙasashen Turai wanda shi ke zuwa Nijar, da na Amurka wanda irinsa ake kwafa a kawo kasuwanninmu. Na Turai ya fi tafiya a hankali saboda irin talabijin ɗinsu, har kiɗansa, kuma an sake wa wasu motoci ƙarfi. Sai ga koriyata a hagu tana fita daga kwana kamar da, a dama kuma tana jan ciki. Na zauna a kan dakalin aji ina kallo har aka kaɗa ƙararrawa ban ji ba. Na ɗauka zan yi murna, amma abin da na ji kawai shi ne kasala.

Da na je gida ƙarshen mako na fara biyawa ta wurin Isiya, wanda yanzu yake sayar da man babur a bakin tasha, da furfura a gemu da 'ya'ya a makaranta. Na miƙa masa wayar. Ya kalla kaɗan, ya yi dariya, ya ce, "Kai Koriya, har yanzu kana nan? Ni wallahi na manta ma wace mota ce." Ya juya wurin mai babur ya ci gaba da awonsa.

Baba na samu a zaure kan buzunsa. Ya daina zuwa kara, idanunsa sun yi rauni, hasken ƙofa kawai yake gani. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ina da abin da zan nuna masa, sannan na tuna ba zai gani ba. Sai na kai wayar kusa da kunnensa na kunna masa kiɗan hagu, na kunna na dama. Ya saurara da kyau, irin sauraron da yake yi wa mai saye. Ya ce, "Na farkon ya fi natsuwa. Na biyun sauri yake yi." Na ce, "Baba, abin da na faɗa musu ke nan a lokacin." Ya ja carbinsa, ya ce, "Habu, ni ban taɓa ɗaukar ka maƙaryaci ba. Amma saƙo ba don mai aikawa ake kai shi ba, don mai karɓa ne. Su ne suka daina yarda, ni kuwa da su nake ci da ku." Muka zauna haka, tumaki suna kuka a cikin gida. Da na yunƙura zan tashi sai ya ce, "Tunda ka miƙe, biya ta gidan abokina Malam Iliya ka ce masa ina gaishe shi, ƙafar ce ta hana ni zuwa duba shi, amma yana raina."

Akwai waya a aljihuna, akwai lambar ɗan Malam Iliya a ciki, amma da ƙafa na tafi. Na bi ta bayan kara, inda shagon Yaya Sabo yake a da, yanzu wurin cajin waya ne, yara suna tsugune kowa da nasa tseren a tafin hannu, ba layi, ba benci, ba mai kallon na wani. In gardama ta tashi a tsakaninsu, kafin ta yi zafi wani ya latsa ya nuna, an wuce wurin. Dillalai ma a waya suke sallama ciniki, ba a bukatar yaro mai ƙafa da hadda. Na wuce su ina tafe a hankali, sai na kama leɓɓana suna motsi: yana gaishe ka, ƙafar ce ta hana shi, amma kana ransa. Gaskiyata ta iso a makare kamar koriyar motar nan, amma saƙon dai na kai shi ko kalma ɗaya ba ta zube ba.